Tambaya da Amsa: Yadda za a kawo Meziko cikin aji ɗaya a ƙauye, yara su taɓa da hannunsu

Wasiƙun wannan fitowar duk a kan abu ɗaya suke: gidan tarihi na yara, wato wurin da ba a cewa yaro "kada ka taɓa". Irinsa na farko an buɗe shi ne a Buruklin ta Amurka a 1899. A babban birnin Meziko akwai wani mai suna Papalote da aka buɗe a 1993, takensa kuwa "na taɓa, na yi wasa, na koya". Masu karatunmu daga ƙauyukan Kano da Jigawa suna tambayar yadda za su yi ƙaraminsa da abin da ke hannunsu.

Tambaya: Ni hedimasta ne a wata firamare kusa da Maigatari. Mutanen garinmu manoman zoɓo ne, dillalai kuma suna cewa Meziko ake kai shi. Yara sun dame ni da tambaya, ina ne Meziko, me suke yi da zoɓonmu? Muna da aji guda da ba a amfani da shi. Ba kuɗi, ba lantarki. Da me zan fara?

Amsa: Malam, dillalan nan gaskiya suka faɗa. Meziko na cikin manyan masu sayen zoɓon da Najeriya ke fitarwa, kuma sha suke yi kamar mu, suna kiransa agwa de hamaika. Don haka kada ku fara da taswira ko hoton bango. Ku fara da abin da yaran suka baro a madafin gidajensu da safe.

Ku raba ajin kusurwa-kusurwa. A kusurwa ta farko ku shimfiɗa tabarma biyu. A tsakiya ku ajiye kwando da masara, barkono, tattasai, tumatur, gwanda, gwaiba, zoɓo, tsamiya da kankana. Aikin yaro shi ne ya raba su: tabarma ɗaya ta abin da ya zo mana daga can, ɗaya ta abin da ya je can daga nahiyarmu. Kusan duk yaro zai ɗauki masara ya ce tamu ce. A nan darasin yake. A kudancin Meziko aka fara noman masara, kimanin shekara 9,000 da suka wuce, daga wata ciyawa mai suna tewosinte wadda zangarniyarta ba ta wuce ɗan yatsa ba. Barkono da tattasai can aka fara nomansu, gwanda da gwaiba daga yankin suka fito, sunan tumatur ma daga harshen Nawatil na mutanen Aztek ya samo asali, su suna cewa tomatil. Zoɓo da tsamiya da kankana kuwa su ne suka tsallaka teku daga wannan ɓangaren. Ku rubuta amsar a ƙarƙashin faifai, yaro ya ɗaga ya gani da kansa bayan ya gama rabon.

Kusurwa ta biyu kasuwa ce. Kasuwar mako da ke ci a titi suna kiranta tiyangis, kuma yaron da ya san kasuwar Maigatari ta Alhamis ba ya buƙatar dogon bayani. Kafin Sifaniyawa su ci Tenocitilan, babban birnin mutanen Aztek, da yaƙi a 1521, da 'ya'yan koko ake ciniki a can, kamar yadda kakanninmu suka yi da wuri. Ku tara ƙwallon dabino ya zama kuɗin, kowane yaro a ba shi ashirin. A kasa kaya a faifai, mai sayarwa ya ambaci farashi da Sifaniyanci: uno, dos, tres, kwatro, sinko. Lamba biyar ɗin nan sun isa. In kuka ƙara, yaran za su koma haddace kalmomi su bar ciniki.

Ta uku ita ce ta zoɓon kansa. Gwangwanin madara uku na busasshen zoɓo, a ɗauraye, a tafasa minti goma cikin lita ɗaya na ruwa, a tace, a ƙara lita uku na tsaftataccen ruwa da sukari gwangwani biyu. Nasu ya fi namu tsinkewa, kuma yawanci ba sa sa citta da kanumfari. Ku yi kala biyu, namu da nasu, yara su ɗanɗana su faɗi bambancin. Tafasawa aikin babba ne, a waje. Tacewa da juyawa da aunawa na yara ne. Kowa ya zo da kofinsa daga gida, kada kofi ɗaya ya zagaye aji.

Ta huɗu wasan loteriya. Asalinsa kati 54 ne masu hoto, kowane ɗan wasa yana da allo mai gida 16, huɗu a tsaye huɗu a kwance. Mai kira ya ɗaga kati ya faɗi suna, wanda ke da hoton a allonsa ya rufe shi, wanda ya fara cika layi ya ci. Ba sai kun yi 54 ba, hoto talatin ya wadatar, kuma 'yan aji shida su za su zana a bayan kwali: gayo zakara, luna wata, sol rana, mano hannu, alakaran kunama, sandiya kankana. Akwai katin da yaran Hausa ba sa mantawa: a Sifaniyanci rana na nufin kwaɗo. Abin da ke ɓata wasan guda biyu ne. In alluna suka zo iri ɗaya, yara biyar za su ci lokaci guda a yi ta gardama, don haka kowane allo a sauya masa hotuna da jerinsu. Sannan su can da wake suke rufe gidajen, amma ƙananan yara suna cusa wake a hanci da kunne. Ku yi amfani da marfin kwalba.

Taswira sai a ƙarshe, a zana ta da alli a ƙasa, yaro ya taka daga Legas ya tsallake Tekun Atalantika. Kuma muna roƙonku da abu guda: kada a taƙaita ƙasa mai mutum sama da miliyan 126 a ƙidayar 2020, mai harsunan asali 68 bayan Sifaniyanci, a kan mutum mai gashin baki da faffaɗar malafa. Mu ma ba za mu so a nuna mu da hoto ɗaya ba. Ku gaya musu babban birnin yana da jirgin ƙarƙashin ƙasa tun 1969, kuma ƙasar ta karɓi gasar cin kofin duniya a 1970 da 1986. Samarin aji biyar da wannan za su fi riƙewa.

Tambaya: Ni malama ce a wani ƙauye a ƙaramar hukumar Bichi. Na ga a waya yadda suke gasa wani abu kamar gurasa mara kauri da masara. Na kwaɓa garin masara na gwada don in nuna wa ɗalibaina, sai ya yi ta marmashewa, ko ɗaga shi ba ya yiwuwa. Ina kuskuren yake?

Amsa: Malama, ba hannunki ba ne, garin ne. Abin da kika gani sunansa tortiya, kuma ba a yin ta da garin tuwo. Alkama tana da danƙo na halitta, masara ba ta da shi, sai an jawo mata shi. Su suna dafa tsabar masara da wani farin gari mai suna kal, wanda ake samu in an ƙona irin dutsen da ake siminti da shi aka zuba masa ruwa. Wasu al'ummomin da toka suke yi. Dafaffiyar masarar ita ake kira nikstamal. Kaifin ruwan yana narkar da fatar tsabar ta zama kamar ƙaro, dahuwar kuma tana ɗan nunar da cikinta, su biyun ne ke riƙe ƙullun. Akwai wani amfanin da ya fi wannan: hanyar tana sakin nayasin, wani nau'in bitamin da ke ɗaure a cikin masara, wanda rashinsa ke jawo ciwo. Shi ya sa ciwon felagira, mai ɓata fata da kawo gudawa, ya addabi masu dogaro da masara a kudancin Turai da jihohin kudu na ƙasar Amurka, amma bai yi haka ga mutanen da suka fara nomanta ba.

Da kal na abinci, ma'aunin shi ne giram 10, wajen cokalin cin abinci ɗaya, ga kilo ɗaya na masara da lita uku na ruwa. Kada ki ɗebo na magina ko na shafen bango. A ƙauye toka ce mafita. Ki samu tokar itace mai tsabta daga murhun da ba a ƙona leda ko roba a ciki ba, ki tankaɗe. Ga mudu ɗaya na masara, ki jiƙa rabin mudu na toka a ruwa, ki juya, ki bari ta kwanta, ki tsiyaye ruwan sama ta tsumma. Da shi za ki dafa. Masarar ta zama tsaba wadda ba a surfa ba, ki tsince duk mai fumfuna ko ƙwari. Tukunyar ƙasa za ki ɗora, domin ruwan toka yana cin tukunyar dalma.

Wuta kaɗan, minti 30 zuwa 40. Toka ƙarfinta ba ɗaya ba ne, don haka kada ki dogara da agogo. Ki ɗebo tsaba ɗaya da ludayi, ki sa a ruwan sanyi, ki murza tsakanin yatsu biyu. In fatar ta saɓule, kuma da kika ciza waje ya yi laushi ciki yana da sauran fari, ta yi. In ba ta saɓule ba, ki ƙara ruwan toka. Ki sauke, ki rufe, ta kwana a cikin ruwanta, awa takwas zuwa goma sha biyu. Da safe ki zubar da ruwan inda yaro da dabba ba za su kai ba, ki wanke sau uku kina murzawa har santsin ya ragu. Duk wannan matakin naki ne, ruwan toka yana ƙona ido da fata.

Daga nan yara suke shiga. Dutsen niƙa na Meziko sunansa metate, ɗan dutsen kuma mano, ba su da maraba da wanda ke jingine a gidan kakanninsu. Ki aro ɗaya, kowane yaro ya niƙa tafin hannu guda. Sauran ki kai inji, amma ki tsaya a kan mai markaɗe, domin ya saba zuba ruwa kamar na ƙosai ko waina. Ruwa ɗan kaɗan, a maimaita sau biyu. Ƙullun da ake so shi ne wanda in kin dunƙula kamar fura ba ya manne a hannu, in kin danna gefensa ba ya tsagewa.

A gutsura kamar girman lemon tsami, wajen giram 30. A sa tsakanin leda biyu masu kauri, yaro ya danna da gindin faranti har ya yi faɗin tafin hannun babba, kaurin bai wuce na kwali ba. Kilo ɗaya na masara yana ba da sama da hamsin. Kaskon gashin su suna kiransa komal, na ƙasa ne ko na ƙarfe, kuma ba a sa mai. Ya yi zafi sosai tukun. Daƙiƙa 30 a juya, minti ɗaya a sake juyawa, sai ta kumbura. A jera su cikin tsumma mai tsabta a lulluɓe, tururin ne ke sa su laushi.

In gefe yana tsagewa, ƙullu ya bushe, ki jiƙa hannu ki sake murzawa. In yana manne wa leda, ruwa ya yi yawa ko masarar ta dahu fiye da kima. In akwai ɗaci ko ɗanɗanon sabulu, toka ta yi yawa ko wanki bai isa ba. In ta fito da tauri kamar ƙanzo, kasko bai yi zafi ba har ta daɗe a kai. A ci da dafaffen wake da aka dama da ɗan tumatur da albasa, yadda su ma suke ci.

Tambaya: Ni uba ne kuma ina cikin kwamitin iyaye da malamai a wani gari kusa da Rano. Na ji cewa mutanen nan suna da bikin matattu da wani wasan fasa tukunya mai alaƙa da addininsu. Ba na so a koya wa 'ya'yanmu abin da ya saɓa wa tarbiyyarmu.

Amsa: Baba, damuwarku a kan hanya take, kuma abin da kuka ji haka yake. Mafi yawan mutanen Meziko Kiristoci ne mabiya Katolika. Ranar tunawa da matattu ana yin ta 1 da 2 ga Nuwamba, da teburin hotunan mamata da furanni da kyandir. Wannan ibada ce da al'adar masu ita, ba abin wasan aji ba ne, kuma kwaikwayonta ba ya girmama kowa, mu ko su. A bar ta. Katin loteriya na asali ma akwai hoton shaiɗan da mashayi da ƙoƙon kai, shi ya sa muka ce yara su zana nasu.

Wasan fasa tukunya sunansa pinyata. Ta gargajiya mai ƙaho bakwai ce, alamar manyan zunubai bakwai a koyarwar Katolika, ana fasa ta a dararen 16 zuwa 24 ga Disamba. Yau ana yin ta a kowace siffa don shagalin yara kawai. Shawararmu ita ce hedimasta ya rubuta jerin duk abin da za a yi, ya zauna da ku da limamin gari kafin a fara. Abin da ba a amince da shi ba a cire. Noma, girki, kasuwa da lissafi sun isa su cika ɗakin.

In an amince da pinyata, a yi ta da siffar kankana, kuma da takarda, domin tsingaron tukunya yana yanka ƙafa. A hura balan-balan, a dama fulawa gwangwani ɗaya da ruwa gwangwani biyu da ɗan gishiri, a tsoma yankakkiyar takarda a liƙa. Shafi uku, kowanne ya bushe sarai kafin na gaba. Da hunturu wuni ɗaya ya isa, da damina kuwa fumfuna take yi. A inuwa za a shanya, don rana tana kumbura balan-balan ta fashe kafin takarda ta kama. A zana da'ira mai taku biyar daga tsakiya, ba mai shiga sai mai sanda. Kuma kada a bari a yi wawaso, ƙanana ake takewa. A ƙulla alawa da dabino a ƙananan ƙunshi daidai da yawan yara, malami ya raba.

Tambaya: Ina koyar da lissafi a Ringim. Akwai abin da zan iya sakawa?

Amsa: Akwai, Malam, kuma ko sisi ba za ku kashe ba. Mutanen Maya na kudancin Meziko da maƙwabtanta suna rubuta kowace lamba da alama uku: ɗigo ɗaya ne, sanda biyar ce, ƙoƙon katantanwa kuma sifili. Suna cikin al'ummomin farko a duniya da suka yi aiki da sifili. Tsakuwa ta zama ɗigo, guntun kara ya zama sanda, wuri ya zama sifili.

Ƙidayarsu ashirin-ashirin take tafiya, daga ƙasa zuwa sama. Ku zana gida biyu da alli, ɗaya bisa ɗaya. Na ƙasa na ɗaiɗai ne, daga sifili zuwa 19, wato kara uku da tsakuwa huɗu. Tsakuwa ɗaya a gidan sama ashirin ce. Don haka 20 tsakuwa ce a sama da wuri a ƙasa, 47 kuma tsakuwa biyu a sama, kara ɗaya da tsakuwa biyu a ƙasa. Doka biyu ce: tsakuwa biyar a musanya da kara ɗaya, kara huɗu a kwashe a sa tsakuwa ɗaya a gidan sama. Ku gwada 13 da 9. A haɗa, an samu kara uku da tsakuwa bakwai. Biyar daga tsakuwar sun zama kara, kara ya cika huɗu, ya hau sama. Saura tsakuwa ɗaya a sama, biyu a ƙasa, 22 ke nan. Yaron da ya kasa gane "a ajiye ɗaya" a kan allo, a nan yake ganin ɗayan da idonsa yana hawa. Inda suke tuntuɓe shi ne mantawa da wuri in gidan ƙasa ya zama fanko, sai 20 ta koma 1. Ku tsaya a gida biyu ga 'yan firamare, ya kai su har 399.

Tambaya: Makarantarmu a yankin Kazaure take, ajina yara saba'in ne. Duk abin da na ajiye, kafin tashi ya lalace. Kuma ina so mu yi ɗan lambu irin na mutanen Meziko.

Amsa: Malama, saba'in ba sa shiga lokaci ɗaya. Ki raba su gida biyu, rabi a ciki rabi a waje. Na cikin su kasu rukuni biyar, yara bakwai-bakwai, kowace kusurwa minti goma sha biyar, a buga gwangwani a sauya. Ki zaɓi 'yan aji shida guda goma, ki koya musu tun mako guda kafin ranar, biyu a kowace kusurwa. Komai a tabarma, don tebur ya fi ƙarfin ƙanana kuma yana kifewa. Duk abin da za ki ji zafin lalacewarsa kada ya shiga ɗakin, wanda ya shiga kuma a tanadi na biyunsa. Kwali da takarda a kwashe cikin akwatin ƙarfe a ɗora a kan bulo, in ba haka ba gara za ta gama da su a hutu ɗaya. Tsabar masara da wake a rufe a galan saboda ɓera.

Gonar tasu sunanta milfa: masara, wake da kabewa a wuri guda. Masara ta zama sandar da wake zai hau, wake ya ƙara wa ƙasa ƙarfi, ganyen kabewa ya rufe ƙasa ya riƙe laima ya hana ciyawa. 'Ya'yan manoman da ke haɗa gero da wake za su gane nan take, sai dai ki gaya musu waken Meziko wani jinsi ne dabam, namu ɗan Afirka ne. Fili taku shida a taku shida ya isa. Masara ba ta son yashi mara taki, ki zaɓi wuri kamar bayan gida, ki zuba takin awaki da ya ruɓe. A yi tudu tara, tsakaninsu taku biyu. Bayan ruwa ya zauna, tsaba biyar a kowane tudu, in sun fito a bar uku masu ƙarfi. Wake sai bayan mako biyu zuwa uku, lokacin da masara ta kai tsawon tafin hannu, in aka shuka su tare wake zai danne ta. A nemi mai yaɗo. Kabewa rami huɗu kawai, a gefe-gefe, don tana cin fili.

Abu biyu ke kashe lambun makaranta: awaki da dogon hutu, wanda ke faɗowa a tsakiyar damina daidai lokacin noma na biyu. A yi shinge da ƙaya tun kafin shuka, kuma kafin a rufe makaranta a rubuta sunayen yara huɗu da gidajensu ke kusa, kowane da ranarsa, tare da uba ɗaya daga kwamiti da zai riƙa leƙawa. Masarar da aka girbe a bari ta bushe sosai a jikin totuwa, ita za ki dafa da ruwan toka a zangon farko.